Kimiyya a Sauƙaƙe: Garin "sitem sel" da shanyewar ɓarin jiki

A wannan makon na ajiye darasin da na shirya mana, saboda saƙon da wata ɗalibar aji biyu na babbar sakandare ta aiko daga Kakangi, a ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Ɓarin jikin mahaifinta na dama ya shanye tun kafin a cire masara, bakinsa ya ɗan karkace, magana ba ta fita sosai. Ana cikin jinya sai wani mai talla ya kawo musu wani gari a 'yan ƙananan ledoji, ya ce sunansa "sitem sel", a riƙa zuba wa mara lafiya a ƙarƙashin harshe, wai yana tsirar da sababbin jijiyoyi a ƙwaƙwalwa. Yayyenta sun rabu biyu. Wasu na cewa a sayar da hatsi a sayi garin, wasu kuma sun ji labarin ana yin allurar abin a Indiya, suna ganin a sayar da shanun huɗa a fita da shi. Da yake ita ce mai karanta Bayoloji a gidan, aka ɗora mata binciken.

Ƙanwata, Allah Ya ba Baba lafiya. Amsata ita ce kada a sayar da hatsin, kada kuma a taɓa shanun. Amma na san ba za ki iya tunkarar yayyenki da "an ce kada a saya" kawai ba, sai da hujja. Don haka mu bi abin daki-daki, sauran ɗalibai ma ku matso, domin da wuya a sami unguwar da babu mai wannan lalurar.

Hannun Baba lafiyarsa ƙalau, haka ma ƙafarsa. Ciwon yana cikin kai. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ba sa ajiye guzuri, jini ne ke kai musu iska da sukari kowace daƙiƙa. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyin, ko hanyar ta fashe jini ya malala, unguwar da hanyar ke ciyarwa sai ta fara mutuwa. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar hanya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa kuma suna tsallakawa ne su yi gicciye, ɓangaren hagu na kai shi ke juya ɓarin dama na jiki. A wurin yawancin mutane cibiyar magana ma tana hagun. Kin ga dalilin da ya sa ɓarin dama da harshe suka tafi tare ke nan.

Fatarmu idan ta yanke takan haɗe, ƙashi idan ya karye mai ɗori ya ɗaure yakan kama. Ƙwaƙwalwa ba ta da wannan baiwar, ƙwayar jijiyar da ta mutu ba a cika samun magajiyarta ba. Wannan giɓin ne ya sa masana suka juya ga abin da Turawa ke kira sitem sel, mu kuma a nan za mu kira su ƙwayoyin tushe. Ku ɗauke su kamar iri da manomi ke ajiyewa a rumbu: ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya rabuwa su haifi irinsu, suna kuma iya rikiɗewa su zama wata ƙwayar daban. Kowannenmu yana ɗauke da su. Waɗanda ke cikin ɓargonki, yanzu haka da kike karanta wannan shafin, suna ƙera jajayen ƙwayoyin jini wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa. A 2006 wani masani ɗan Japan, Shinya Yamanaka, ya nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fata a mayar da ita tushe ta hanyar kunna ƙwayoyin gado guda huɗu kacal, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: tunda ga iri, me zai hana a shuka shi inda gonar ƙwaƙwalwa ta ƙone?

An gwada, kuma tun ba yau ba. A 1998 likitoci a birnin Pittsburgh na Amurka suka fara dasa ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji a cikin ƙwaƙwalwar masu shanyewar ɓarin jiki. Gwajin da ya fi yin amo shi ne na Jami'ar Stanford a 2016. Farfesa Gary Steinberg da abokan aikinsa suka huda ƙaramin rami a ƙoƙon kan mutum 18 da suka daɗe da ciwon, suka zuba musu ƙwayoyin da aka samo daga ɓargon wasu. Da yawansu suka sami sauƙin motsi, har jaridu suka yi ta ba da labarin wadda ta tashi daga keken guragu. Yawancin hotunan bidiyon da masu talla ke turawa a WhatsApp daga irin wannan labarin suke samun ƙarfi.

Sai dai akwai abin da ɗan manomi zai gane nan take. A ce wani ya kawo sabon taki Kakangi, ka zuba a gonarka, masara ta yi kyau. Takin ne, ko damina ce ta yi albarka? Ba ka da hanyar sani sai ka raba gonar biyu, rabi da taki rabi babu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ka auna da kaka. Gwajin Stanford ba shi da wancan rabin na biyu. Da aka sake shi da mutum 163, aka raba su, wasu aka zuba musu ƙwayoyin, wasu aka yi musu kwaikwayon aikin ba tare da sun san ba a zuba komai ba, sakamakon da ya fito a Janairun 2019 ya nuna ba a sami bambancin da ake nema ba. Hannun jarin kamfanin SanBio na Japan mai ƙwayoyin ya faɗi warwas a 'yan kwanaki. Wani gwajin da aka yi a asibitocin Japan da mutum 206, wanda aka ba su ƙwayoyin ta jijiyar hannu cikin kwana ɗaya da rabi da kamuwa, shi ma da aka wallafa shi a 2024 kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga wanda ya fi dacewa ki karanta wa yayyenki masu maganar Indiya. Likitocin Indiya da kansu, ƙarƙashin Farfesa Kameshwar Prasad na babbar cibiyar koyon likitanci ta New Delhi, sun gwada wannan allurar a kan mutum 120. Rabi aka ɗebi ƙwayoyin ɓargonsu aka mayar musu ta jijiya, rabi ba a yi musu ba. A 2014 suka bayyana cewa allurar ba ta cutar ba, ba ta kuma ƙara komai ba. Asibitin da zai karɓi kuɗin shanunku ya yi wa Baba ita, yana sayar muku da abin da malaman ƙasarsa suka auna suka ga bai yi aiki ba. Wani lokacin ma abin yakan wuce asarar kuɗi. A 2017 wata babbar mujallar likitoci ta ba da rahoton mata uku a jihar Florida ta Amurka da aka yi wa allurar ƙwayoyin tushe a ido a wani asibitin kuɗi, ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

Ban ce binciken ya mutu ba. Ana ci gaba da shi, har an gano wani abin da ba a zata ba: a gwajin dabbobi sau da yawa ƙwayoyin da aka dasa ba sa zama jijiya, cikin 'yan makonni suke ɓacewa, ɗan amfanin da ake gani yana zuwa ne daga sinadaran da suke fitarwa masu rage kumburi. Masu aiki da ƙwayoyin gado kuma sun bi ta wata ƙofar. Ƙwayar gado ita ce umarnin da ke rubuce cikin DNA, wanda ke gaya wa ƙwayar halitta abin da za ta zama. A ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu hidima, siffarsu kamar tauraro, da ke taruwa a bakin inda ya mutu. Masanin nan Gong Chen da ɗalibansa suka loda wata ƙwayar gado mai suna NeuroD1 a cikin bairos ɗin da aka cire wa dafi, suka aika ta cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka ce masu hidimar sun rikiɗe sun zama jijiya. A 2021 wata tawaga a Texas ta bi sawun ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ce a'a, tsofaffin jijiyoyi ne aka gani aka ɗauka sababbi. Har yau ana wannan muhawarar, kuma haka kimiyya take, wani ya faɗa wani ya bincika. Abin da ya shafe mu shi ne da sauran rina a kaba, tsakanin ɓeran ɗakin gwaji da dattijon da ke kwance a zaure akwai tafiyar shekaru.

Shi kuwa garin leda, ko darajar a kira shi gwaji bai kai ba. Ku duba bayan kwalin irin waɗannan, za ku ga an rubuta tuffa ko inabi. Ƙwayar tsiro ce, busasshiya, matacciya. Ɗan aji ɗaya ya san abin da ciki ke yi wa duk abin da aka haɗiya: ya narkar da shi, kamar yadda yake yi wa tuwo. Kullum muna cin ƙwayoyin tushen tsiro a cikin karas da albasa, ba wanda ya tsiro da ganye.

Na san abin da za a ce miki: ai wane ya sha, ga shi yana tafiya. Gaskiya ne yana tafiya, amma ga sirrin. A watanni uku zuwa shida na farko yawancin masu wannan ciwon suna samun wani sauƙi da kansu. Kumburi yana sacewa, unguwannin ƙwaƙwalwa da ba su mutu ba suna ƙulla sababbin hanyoyi suna karɓar aikin maƙwabtansu, kamar yadda direbobi ke fasa sabuwar hanya ta gefe idan gada ta karye. Duk abin da aka ba mutum a wannan tsakanin, gari ne ko rubutu ko ruwan zafi, shi za a yaba wa. Mai talla ya san wannan, shi ya sa yake zuwa da wuri.

Wannan ƙulla sababbin hanyoyin shi ne inda ke da 'yan'uwanki kuke da aiki, domin maimaici ne ke ƙarfafa shi. A kai Baba sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, ko da sau ɗaya ne a wata, a koyo motsin da ya dace da shi, a dawo gida a riƙa yi kullum. Akwai wata dabara da ake hana lafiyayyen hannu aiki na wasu sa'o'i don a tilasta wa mai rauni ya koya, idan yatsun sun fara ɗan motsi. Dakta Auwal Abdullahi na sashen fisiyo a Jami'ar Bayero ta Kano ya yi bincike a kanta, inda ya gwada ƙirga yawan maimaicin, sau ɗaruruwa a rana, maimakon ƙirga sa'o'i. Ƙirga kuwa aikin ɗan makaranta ne. Kofi, ƙwayar gyaɗa a tsince a zuba a kwano, maɓallin riga, littafi na rubuta adadin kowace rana. A riƙa juya shi a shimfiɗa don kada bayansa ya yi gyambo, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, a kuma riƙa yi masa hira ko da amsar ba ta fita.

Kuɗin da za a kashe kuma a kashe su a kan hawan jini. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya kwatanta marasa lafiya 2,118 da masu lafiya irin adadinsu. Sakamakon 2018 ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon a kan hawan jini. Ya kuma nuna cewa masu barbaɗa gishiri a abinci sun fi shiga haɗari, masu cin ganye kullum kuma haɗarinsu ya ragu, kun ga zogale da rama da alayyahu ba abincin talauci ba ne. Wanda ciwon ya taɓa kamawa yana iya sake kamawa, kuma ƙwayar hawan jini ba a daina ta don an ji sauƙi. Idan kuka ga bakin wani ya karkace farat ɗaya, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku duba agogo ku riƙe lokacin, kada a ɗura masa komai, a nemi mota. Maganin narkar da gudan jini sa'o'i huɗu da rabi kawai yake da su, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin a binciken SIREN kusan mutum ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, wanda wannan maganin zai ƙara wa ciwo. Daga Kakangi zuwa garin Birnin Gwari, sannan fiye da kilomita 100 zuwa Kaduna, a hanyar da ta yi shekaru ana shiga da fargaba, waɗannan sa'o'in ba su da yawa. Masu cewa shafar aljanu ce a yi addu'a tukuna, a ce musu addu'a tana yiwuwa a cikin mota.

Yanzu bari in kai ku inda ƙwayoyin tushe suka yi nasara ta gaske, kuma abin ya shafi ajinku kai tsaye, domin shanyewar ɓarin jiki ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara. Tushen cutar harafi ɗaya ne da ya sauya cikin haruffa biliyan 3 na DNA, a ƙwayar gadon da ke ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Jajayen ƙwayoyin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su raunata hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yara 11 cikin 100 masu SS ɓarin jikinsu kan shanye kafin su kai shekara 20.

Tunda ɓargo ne masana'antar jini, sauya ɓargon yana sauya jinin. A 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa suka yi dashen ɓargo na farko a Najeriya, ga wani yaro ɗan shekara 7 da sikila ta taɓa shanye wa ɓarin jiki. Wansa ne ya ba shi. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara nasa. Ku lura da abin da dashen ke yi: yana tsayar da cutar, ya kare ƙwaƙwalwa daga sabon bugu, amma ba ya tayar da abin da ya riga ya mutu. Aiki ne mai haɗari da tsada, sai an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, kuma sai an sami wanda ɓargonsa ya dace. Ko shaƙiƙi uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewar ɗaya ce cikin huɗu. Ɗan uba kuwa da wuya ya dace gaba ɗaya, don haka cikar gida da yara ba ta nufin an sami mai bayarwa.

Gyaran ƙwayar gado ya zo ne don kauce wa neman mai bayarwa. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa jaririn da aka haifa da SS yake lafiya lau a watannin farko? Yana amfani ne da himogulobin na cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sai daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta kashe makunninsa. Da almakashin DNA da ake kira CRISPR, wanda ya ba Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna kyautar Nobel a 2020, ana ɗebo ƙwayoyin tushen mara lafiya, a lalata wancan makashin, a mayar masa da kayansa, jiki ya koma ƙera jinin jarirai. Birtaniya ta amince da maganin, mai suna Casgevy, a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wajen naira biliyan 3. Abin takaici ne a ce an samo maganin ciwonmu a farashin da ko masu kuɗinmu sai sun yi shawara, kuma ina fata cikin masu karanta wannan shafin a sami waɗanda za su karya shi.

Kafin nan, akwai aikin da aka yi a gida wanda ya fi ƙarfafa mini gwiwa fiye da duk waɗannan. Akwai wata na'urar sikanin da ake ɗorawa a gefen kan yaro, kusa da kunne, ba allura ba zafi, tana auna gudun jini a hanyoyin ƙwaƙwalwa. Idan hanya ta ƙuntata jini yakan ƙara gudu, kamar ruwan tiyo idan ka danne bakinsa da yatsa. Gudun da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alama ce ta haɗari, irin waɗannan yaran kusan 10 cikin 100 ne ke kamuwa kowace shekara. A Amurka ƙarin jini ake yi musu duk wata, abin da ba zai yiwu ga yawancin iyalanmu ba. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada wata ƙwaya mai araha, haidiroksiyuriya, wadda ita ma jinin jariran nan take farfaɗowa. Yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 suka shiga. Da Dakta Shehu Abdullahi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a 2022, adadin ya sauko zuwa kimanin 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, kuma ƙaramin awo na maganin ya yi aiki kamar matsakaici.

Ana so a yi wa duk yaro mai SS wannan awon sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Idan kuna da ƙane ko ƙanwa ko abokin aji mai sikila, ku gaya wa iyayensa su tambaya a asibitin masu sikila, sunan awon TCD. Ƙarancin likitocin hoto ne ke hana shi yaɗuwa, shi ya sa Dakta Halima Bello-Manga ta Barau Dikko ta ɗauki aikin zuwa Asibitin Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wadar Kaduna, inda ake koya wa ma'aikatan jinya riƙe na'urar da kansu.